Kugun Malam Ashafa

Sana'ata gyaran sikeli ce, saboda haka idona ba ya haƙuri da abin da ya karkace. Ko kalanda na gani ta jirkice a bangon wani, sai na tashi na gyara kafin in iya shan ruwan da aka kawo mini. To ku duba irin jarrabawar da Allah ya yi mini: shekara goma sha ɗaya ina salla a bayan Malam Ashafa, a masallacin layinmu na Panshekara.

Malam Ashafa dogo ne, siriri, mai ɗan farin gemu, ba ya dariya sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Ɗan asalin Challawa ne, tun kamfanoni ba su cinye gonakin dawa ba. Mahaifinsa ne ya ba da filin masallacin, shi ne kuma ya ja layin harsashi da sandarsa wata safiya, ya dubi inda rana ta ɓullo ya ce nan ne gabas. Ranar da aka zuba siminti, tsohon ya ƙi jiran ya bushe, ya ce la'asar ba ta jiran magina. Ya taka ya yi sallarsa daidai bayan wurin liman, ya bar sawunsa biyu raɗau a ƙasa. Da ya rasu Ashafa ya gaji wurin. Kullum sai ya ɗan ɗage tabarma ya zura ƙafafunsa a cikin sawun nan, kuma cif suke yi masa. Ba shi da mota, ba shi da sarauta, ba shi da ko kujera a kwamiti. Wannan wurin shi ne duk abin da ya mallaka a idon jama'a.

Matsalar ita ce, ƙafafunsa ne kawai suke kallon gabas. Daga kugu zuwa sama Malam Ashafa hagu yake kallo.

Aiki ne ya yi masa haka. Shekara ashirin da tara yana wani kamfanin jima a Challawa, a bakin babbar gangar da ake juya fatun shanu a ciki. Fata takan fito shuɗiya, jiƙe sharkaf, da nauyin ƙaramin ɗan akuya. Ganga tana damansa, dokin katakon da ake shimfiɗa fatu a kai yana hagunsa. Sai ya kama fata ta wuya, ya murɗa, ya sake ta, ta tashi ta buɗe a iska ta kwanta a kan 'yar'uwarta ba ko tattara. Sau ɗari huɗu a yini, kullum daga dama zuwa hagu. A hankali jikin ya daina komowa duka. Yau ya bar ɗan kaɗan a hagu, gobe ya ƙara, har ya zama in yana tafe a titi sai ka rantse wani ne ya kira shi daga gefe.

Abokin aikinsa Mamman, mutumin Damagaram, shi yake tsayawa a hagunsa a sahu, don haka fuska da fuska suke salla. In an idar sai ya ce, "Malam Ashahwa, yau ma ka leƙa mini gida? Ya ka baro su?" Mutane su yi dariya, Ashafa ya ci gaba da jan carbinsa. Duk lokacin da Liman Ɗayyabu ya ce a daidaita sahu, kowa ya san da wa ake. Ni kuwa da nake baya, kumatunsa na hagu nake gani maimakon ƙeya. Wallahi akwai ranar da hannuna ya tashi da kansa zai gyara shi, sai da na danne.

Haka aka yi ta tafiya har Alhaji Uwaisu ya zama shugaban kwamitin masallaci. Dillalin tsofaffin injina ne a Sharaɗa, mutum mai son tsari, shi ya sa mana fanka da agogo mai nuna lokutan salla. A zaman farko ya kawo maganar.

"Ni ba ni da komai da Malam Ashafa," in ji shi. "Amma wanda yake bayan liman, shi zai ja salla in wani uzuri ya sami liman. To in Malam Ashafa ya shige gaba, ina za mu? Nijar?"

Liman ya ce 'yar karkata irin wannan ba ta ɓata salla, kuma lalura ce. Alhaji Uwaisu ya ce ai ba maganar ɓaci yake ba, maganar kyan gani yake, baƙi suna zuwa. Aka ce a ɗaga hannu. Ba zan ɓoye ba, nawa ne ya riga na kowa tashi. Kuma da aka tambayi wa zai koma wurin, aka ce ai mai gyaran sikeli ya fi kowa miƙewa, ban ce a'a ba.

Ni aka tura in gaya masa. Na same shi a ƙofar gida yana wanke takalmin robarsa na aiki. Ya saurare ni har na gama, yana kallon katangar maƙwabci, ko da yake ni yake nufin ya kalla.

"Alhaji ya ce ranar da kuka miƙe, wurinku yana nan," na ce.

"Ranar da na miƙe," ya maimaita. Daga ranar ya daina zuwa masallacin, ya koma yin salla a harabar kamfani. Na zura ƙafata a sawun tsohon nan, na ji ya yi mini yawa.

Ana cikin haka aka kawo sabon manaja kamfaninsu, Alhaji Sadiq, matashi mai tumbi, wanda ya shiga wasan golf don an gaya masa a filin Bompai manya suke ƙulla harka. Wata takwas yana dukan ƙwallo, ƙwallo tana zuwa inda ta ga dama. Mai koya masa ya gaya masa har ya gaji cewa da hannu yake duka, alhali kugu ne ya kamata ya fara tafiya. Ya sayi sanduna kala uku, ya kalli bidiyo har idonsa ya yi ja, kugu ya ce bai san zancen ba.

Wata ranar Talata yana zagayen duba aiki, da hankici a hanci, ya iso bakin ganga daidai lokacin da Ashafa ya saki fata. Ya tsaya cak. Ya ga ta biyu, ya ga ta uku. Hankicin ya faɗi ƙasa bai sani ba.

"Baba, sake yi."

Ashafa ya sake.

"Subhanallahi! Baba, wa ya koya maka wannan kugun?"

Mamman ya ce a rayuwarsa bai taɓa ganin fuskar mutum ta canja irin ta Ashafa a lokacin ba. Dattijo mai jika bakwai, a tsaya gaban leburori a yaba masa kugu!

"Ranka ya daɗe, fata nake jifa," in ji Ashafa.

"Ka ga yadda nauyinka ya bar ƙafar dama ya koma ta hagu? Ka ga kugu ya riga kafaɗa? Turawa littafi guda suke rubutawa a kan wannan. Ranar Asabar za ka bi ni Bompai."

Da Ashafa ya gaya wa matarsa Uwani, sai ta ajiye muciya ta riƙe haɓa. "Malam, da furfurarka? Kai da ko ranar bikinmu ba ka gyaɗa kai ba, yanzu za ka je koya wa alhazai karya kugu? Me zan ce wa surukai?" Ya ce ai ba zuwa zai yi ba, zai je ne kawai ya ba da haƙuri.

Ya je ba da haƙurin. Ya tarar da fili kore shar, ciyawa an aske ta kamar kan ango, ba ko tunkiya ɗaya tana ci, abin da ya ce ya fi komai ɓata masa rai. Alhaji Sadiq ya tara abokansa biyar. Aka miƙa wa Ashafa sanda, aka ajiye masa ƙwallo. Ya ɗaga ya sauke kamar mai kashe kunama, ƙwallo ta gangara taku huɗu ta tsaya. Alhazai suka dubi juna. Ashafa ya ce su yi haƙuri, abin ba shi da nauyi, ba shi da danshi, jikinsa bai gane shi ba. Nan take manaja ya buga waya, kafin awa guda direba ya iso da jiƙaƙƙiyar fata a but ɗin mota.

Da fata ta shiga hannunsa sai ya zama wani mutum. Ya murɗa ya saki, ta tashi ta kwanta shimfiɗe a kan ciyawa. Alhazai suka yi kabbara.

A cikinsu akwai wani Likita Lawan, likitan dabbobi ne da ya yi ritaya. Shi bai kalli fatar ba, Ashafa ya yi ta zagayawa, yana taɓa masa haƙarƙari kamar zai saya.

"Malam, kullum ɓangare ɗaya kake juyawa?"

"Shekara ashirin da tara."

"Na taɓa ganin haka a jikin wani sa mai jan ruwa a rijiya. Murɗewa ce kawai. In ka riƙa juyawa ɗaya ɓangaren, za ka warware."

Ashafa ya juyo gare shi. "Likita, in miƙe? Sosai? Har in tsaya a sahu?"

"Me zai hana? Ka nemi sandar bahago, ka riƙa dukan iska daga hagu zuwa dama. Amma fa sai ka daina jifan fata, in ba haka ba kana kwancewa kana ɗaurewa."

A nan ne mutumin da ya zo ba da haƙuri ya kafa sharaɗi. Zai koya musu duk Asabar da Lahadi, a ba shi sandar bahago, a kuma ɗauke shi daga bakin ganga. Alhaji Sadiq ya amince kafin ya rufe baki. Aka mai da shi gadin ƙofar baya, inda ba mai wucewa sai ƙadangaru.

Na taɓa zuwa Bompai gyaran sikelin wani kamfanin man gyaɗa, na ratsa ta gefen filin da gangan don in gani da idona. A can ƙarshen fili, inda iska take kwashe wari, alhazai shida sun jeru cikin fararen huluna da gajerun riguna, kowa riƙe da jiƙaƙƙiyar fatar akuya, don ta shanu ta fi ƙarfinsu. Malam Ashafa yana gabansu, ya sha kunu kamar mai raba gado.

"Alhaji, hannu ɗan aike ne, ba ya fita sai an aike shi. Kugu ne maigida. Ku dasa ƙafar hagu. A'a, ba ɗuwawu za ku turo ba, juyawa za ku yi. In kun gama, mazagin wandonku ya kalli inda kuke son fata ta je."

"Baba, ni bel nake sawa."

"To bel ɗin ya kalla."

Wani ya saki tasa ta naɗe masa a wuya. Wani ya juya da ƙarfi har ya zauna. Amma cikin wata biyu ƙwallon Alhaji Sadiq ta fara tafiya sak, har aka ce ya ci wani ƙaramin kofi. Labari ya bazu, ɗalibai suka kai goma sha huɗu, masu wankin motocin Bompai suka fara ƙorafin warin but. A unguwa kuma aka sa masa Malamin Kugu. Uwani ta daina zuwa suna da biki.

Shi ko a jikinsa. Daga safe zuwa tashin aiki yana ƙofar baya da sandar bahago, yana dukan iska daga hagu zuwa dama, yana ƙirgawa da carbi. Mamman yakan kai masa ƙosai ya tarar da shi ya jiƙe da gumi, ƙashin bayansa yana ƙara ƙas-ƙas. Ya ce masa, "Malam Ashahwa, wannan wahala duk don wuri guda a sahu? Allah na ko'ina." Ashafa ya ce, "Na sani. Amma sawun babana wuri ɗaya yake."

Wata biyar ya yi a haka. Sai ga shi wata safiya a shagona, ya tsaya a gaban ƙofa ya ce in auna shi. Na ɗauko zare da dalma na rataya daga hancinsa. Zaren ya sauka daidai tsakanin manyan yatsun ƙafarsa. Na zagaya bayansa, na ga ƙeya, ƙeya sosai, da kunnuwa biyu daidai wa daida. Ban san lokacin da na ce masha Allah ba, ko da yake na san wurina ne ya tafi.

Ya biya kuɗin miƙewar da abin da bai zata ba. Asabar ɗin da ta biyo baya ya ɗauki fata zai nuna wa sababbin ɗalibai, ya murɗa, fata ta faɗi a gabansa tamkar wanki ya zamo daga igiya. Ya sake, haka. Kugun ya manta hanya. Alhazai suka yi ta kallon takalmansu. Ya ajiye fatar, ya wanke hannu, ya yi musu sallama cikin mutunci. Mamman ya ce a hanyar komowa har wani ɗan murmushi yake yi.

Abin da Ashafa bai sani ba, saboda ya fi wata biyar bai taka masallacinmu ba, shi ne Alhaji Uwaisu ya je Umara ya dawo da sabuwar waya mai nuna alƙibla. Ya ɗora ta a kan tabarmar liman don ya burge mu, kibiya ta ƙi kallon bango, ta kauce hagu. Ya girgiza ta, ta koma hagu. Aka kawo waya ta biyu da ta uku, aka kashe fanka ko ita ce take ja, duk bakinsu ɗaya. Mako biyu kwamiti yana gardama a ɓoye, har aka ɗauko wani malami mai ilimin abin daga cikin gari ya tabbatar. Aka tsayar ranar Lahadi da la'asar Liman zai sanar.

Ranar Lahadin ce kuma Ashafa ya zaɓa ya dawo. Ya shigo cikin farar riga mai guga, a miƙe kamar turken lantarki, jama'a suna buɗa masa hanya baki sake. Na ja da baya ba tare da an ce mini ba. Ya ɗage tabarma, ya zura ƙafafunsa a sawun nan, ya sauke wani dogon numfashi.

Liman Ɗayyabu ya juyo ya yi gyaran murya. Ya ce jama'a, an gano masallacinmu ya ɗan kauce wa alƙibla. Ya ce sallolinmu na baya suna nan daram, wanda ya ja layin ya yi iyakar ƙoƙarinsa, Allah ya ba shi lada. Amma daga yau za a riƙa karkatawa hagu, kafin a ja sabon layi da fenti.

"Hagu kamar yaya, Malam?" wani ya tambaya daga baya.

"Digiri ashirin da biyu," in ji Alhaji Uwaisu, yana kallon ƙasa.

Ba wanda ya san digiri. Wani ya juya har yana kallon taga, wani ya ɗan motsa kafaɗa kawai, sahu ya zama kamar haƙoran tsoho. Ana ta ka yi nan, ka koma can. Sai Mamman ya dubi kibiyar wayar, ya dubi bango, ya buga salati da ƙarfi.

"Jama'a, ai wannan karkatar Malam Ashahwa ce! Ita ce daidai, ko ɗigo babu!"

Ni na fi kowa sanin gaskiya ya faɗa, shekara goma sha ɗaya ina auna karkatar nan da ido, tana hana ni sukuni. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Ashe duk shekarun nan mutum ɗaya ne a cikinmu ƙirjinsa yake kallon Ka'aba, shi ne kuma muka kora don kyan gani.

Liman ya ce a hankali, "Malam Ashafa, ku nuna mana. Ku tsaya yadda kuka saba, mu daidaita da ku."

Mutum arba'in suka zuba masa ido. Ya dafa kugu ya yunƙura hagu. Jikin ya je, ya dawo tsakiya da kansa. Ya sake, yana cije leɓe, ya dawo. Aikin wata biyar ba wasa ba ne, likitan dabbobi ya san aikinsa. Ya tsaya sak yana kallon bango, shi kaɗai ne a karkace a duk masallacin.

Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Malam, ba sai da kugu ba. Ƙafa kowa yake juyawa."

Ya sunkuya ya kalli ƙafafunsa a cikin sawun. Da, ƙafarsa tana tare da mahaifinsa, ƙirjinsa yana alƙibla, bai rasa ko ɗaya ba, bai kuma sani ba. Yanzu sai dai ya ɗauki ɗaya. Ya daɗe a sunkuye, har Alhaji Uwaisu na ga yana share ido da bakin hula.

Sannan ya zare ƙafar hagu daga sawun ya ajiye ta a gefe, ya zare ta dama. Ya sa hannu ya mayar da tabarma ta rufe sawun biyu, ya shafe ta ta kwanta.

"Malam, a tayar," ya ce. "La'asar ba ta jira."